Yadda Alister Tulloch Ya Ɗumama Hannunsa a Tudun Kerrow

Ruwayoyi uku ne suka iso gare ni game da abin da ya faru tsakanin Alister Tulloch da babur ɗinsa a makon hawan hunturu na bana. Ta farko daga bakin Alister ɗin ta fito, kuma na ajiye ta gefe, domin na saurare ta sau huɗu: shanun da ke cikinta sun fara da ɗari biyu, kafin ranar Laraba sun kai dubu. Ta biyu ta maƙwabcinsa ce, Tipene Kereama, tsohon mai askin tumaki, mutum mai gaskiya, sai dai bai taɓa kai ta ƙarshe ba saboda dariya. Ta uku ta matar Alister ce, Noeline, kuma ita na riƙa. Dalilina shi ne, shekara arba'in ke nan tana rubuta abin da ya faru kowace rana a kalandar ɗakin girkinta, har da lokacinsa, kuma ta ba ni aron kalandar na duba. Abin da ya auku a kan hanya kuwa, da idona na gani, da agogo a hannuna, a matsayina na magatakardan Ƙungiyar Masu Tsofaffin Babura ta Glenorrin.

Kowace shekara, ranar Asabar mafi kusa da tsakiyar hunturu, wanda a nan kudancin duniya yakan faɗo cikin watan Yuni, ƙungiyar takan tashi daga ƙofar zauren gari zuwa ƙololuwar Tudun Kerrow, tafiyar kilomita arba'in da uku. A can ake shan miyar kabewa, a ci naɗaɗɗen burodi mai cuku, a sauko. Jagorancin tafiyar bi da bi ne, kuma bana ne ya faɗo kan Alister, bayan shekara goma sha tara yana jira.

Amma akwai sharaɗi a wuyansa. Bara, a kwanar ƙarshe, sanyi ya kashe masa yatsu, ya kasa matsa birki, ya gangara cikin kwata shi da babur ɗin, ya karya haƙarƙari biyu. Babur ɗin nan ƙirar Ingila ne, ya haura shekara hamsin, Alister yana kiransa Gimbiya, kuma yana goge shi fiye da yadda yake goge takalminsa. Ranar da aka sallamo shi daga asibiti Noeline ta gaya masa magana, ta kuma rubuta ta a kalanda:

"Baɗi, in ba ka kai ƙololuwa a kan Gimbiya ba, na taɓa hannunka na ji ɗumi, to ta bar gidan nan. Ƙanena da ke Dunedin ya daɗe yana son ta. Kai kuma ka dawo mota, ka riƙe mini tukunyar miya."

Duk wanda ya san Noeline ya san ba ta maimaita magana.

Ranar Litinin ta makon hawa, da ƙarfe sha ɗaya, mai kawo saƙo ya ajiye wani ɗan kwali a ƙofar Tulloch. Alister ya ɗauke shi da hannu biyu, ya bi ta gefen shinge a hankali, don Tipene ya gani.

Tipene ya leƙo ya ce, "Me aka samu, Injiniya? Sababbin haƙora ne?"

"Wannan ilimi ne, abokina. Mariƙin hannu ne mai ɗumama kansa. Ka cire tsohuwar robar kan babur, ka zura wannan, ka ba shi wuta daga batir, shi ke nan. Ranar Asabar kuna rawar ɗari a baya, ni ina gaba kamar na riƙe kofin shayi biyu."

"Glenys ce za ta ɗaura maka?"

Glenys Munro ita ce ta yi aikin wayoyin wuta a tashar lantarki ta madatsar ruwa har ta yi ritaya, kuma ita ce ke gyara wa kowa wuta a ƙungiya. Alister ya yi dariya har da dafa shinge.

"Glenys! Mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya a tashar lantarki, ya haska rabin tsibirin nan, shi ne zai kira wani ya haɗa masa waya biyu? Minti arba'in, Tipene. Har da shan shayi."

Wajibi ne in faɗa a nan cewa shekarun talatin da ɗaya gaskiya ne. Aikinsa a tashar kuwa shi ne ɗaga sandar ƙofa in mota ta zo, da sauke ta in ta wuce.

A cikin gareji ya buɗe kwalin, ya ga takardar bayani mai shafi shida. Ya dunƙule ta ya hura murhun itace da ita. Noeline na tsaye a bakin ƙofa.

Ya ce, "Irin wannan takarda, don waɗanda ba su san aiki ba ake rubuta ta."

Ta ce, "Shi ya sa na so ka karanta."

Ya yanke tsofaffin robobin da wuƙar yankan burodi, ya haɗa da ɗan yatsansa. Aikin Litinin ke nan.

Ranar Talata ya zo kan zura sababbin. Abin da takardar ta faɗa, wanda murhu ya riga ya karanta, shi ne mariƙan biyu ba faɗinsu ɗaya ba. Na dama, wanda ke hawa kan totur, ya fi faɗin baki. Alister bai duba ba. Ya zura mai faɗin a hagu, ya tafi zuruf, yana juyawa kamar munduwa a hannun jariri. Ya ce wannan ya nuna kayan na da kyau. Sai ya shafe matsattsen da gam har yana ɗiga, ya nufi dama da shi. Ya shiga rabi ya tsaya. Ya buga da guduma, ya ƙara tsayawa. Ya tuɓe safar hannu, ya damƙe shi da tafinsa na dama don ya murɗa, ya yi nishi, ya murɗa. Gam ɗin kuwa irin wanda ke kamawa cikin minti guda ne.

Kalanda ta nuna ƙarfe biyu da minti goma aka daina jin guduma. Da ƙarfe uku da rabi Noeline ta shigo da shayi, ta tarar da mijinta a sunkuye, hannunsa a kan babur, fuskarsa kamar ta mai zurfin tunani.

"Karɓi shayinka."

"Ajiye a can."

"Ka karɓa mana, zai huce."

"Ina danne abin nan ne ya kama."

Ta dubi hannun, ta dubi kwalbar gam. "Ai kuwa ya kama. Tun yaushe?"

"Yanzun nan."

Ta leƙa waje ta kira Tipene. Ya shigo, ya zagaya babur ɗin sau biyu, ya ce, "To, ɗan uwa, abu biyu ne. Ko dai ka kwana a nan har Asabar, da ma can za ka riƙe shi, ko in ɗauko almakashin aski. Shekara talatin ina aske tumaki, kunne biyu kacal na taɓa yankewa."

"Kada ka kuskura ka matso da almakashi kusa da Gimbiya!"

"Ba Gimbiya zan yanka ba."

Da ruwan goge jan farce Noeline ta raba shi da babur ɗin, a hankali, yatsa bayan yatsa. Tipene ya zare mariƙan da ƙyar, ya kankare su, ya musanya su, kowanne ya zauna daidai. Alister ya tsaya yana hura tafin hannunsa ya ce da ma gwada su yake yi, don ya ga ko sun sani.

Ranar Laraba ya haɗa wayoyin kai tsaye a kan batir. Ya murɗa maɓalli, ya jira, ya ji ɗumi. Ya fito bakin titi yana sanar da duk mai wucewa cewa gobe da ƙarfe goma za a yi nuni a ƙofar gidansa, kowa ya zo ya taɓa. Ya rufe gareji ya shiga cin abinci. Maɓallin kuwa bai kashe ba.

Ranar Alhamis mutum tara suka taru, har da Glenys, hannunta cikin aljihu. Alister ya fito da Gimbiya, ya yi ɗan jawabi kan yadda wutar lantarki take bin wanda ya san halinta, ya hau, ya buga kik. Shiru. Ya ƙara. Noeline ta ƙirga ashirin da uku daga taga.

Tipene ya ce, "Ga shi kuwa abin yana aiki. Dubi yadda Injiniya yake gumi."

Glenys ta matso, ta taɓa mariƙin, ta ji shi kamar ƙarfen firji, ta dubi maɓallin. "Alister, ka bar shi a kunne tun jiya. Garejinka ka ɗumama, batir ya mutu. Ba a haɗa wannan kai tsaye. Sai ka ɗauko wuta daga layin da ke mutuwa in an zare makulli. Kuma tsohon babur irin wannan ba shi da wutar ɓarnatarwa, abin da yake samarwa da ƙyar yake riƙe fitila. Kawo shi gidana da yamma in yi maka."

"Na gode, Glenys, amma duk wannan na sani. Gwajin ƙarfin batir na yi."

"To ya ci jarrabawar?"

Aka tura shi har ƙarshen layi, aka turo shi ya dawo, Gimbiya ba ta ko yi tari ba. Masu kallo suka watse ba wanda ya taɓa ɗumi sai masu turi.

Ranar Juma'a, bayan batir ya kwana a caji, Alister ya kwance ƙoƙon fitilar gaba, inda wayoyin babur ɗin suke haɗuwa. Shekaru sun cinye launinsu, duk sun koma kalar ƙasa. Ya dube su da kyau, ya zaɓi wadda ta fi ƙiba, domin a ganinsa waya mai ƙiba ita ce mai arzikin wuta. Ya feɗe ta, ya ɗaura tasa, ya naɗe da salatef. Ya kunna. Ya jira minti biyar, mariƙin na nan da sanyinsa. Haushi ya kama shi, ya kai wa kan babur ɗin naushi, hannunsa ya sauka a kan maɓallin hon.

Hon ɗin Gimbiya ba irin na yanzu ba ne. Muryarsa a dishe take, mai kauri, kamar ta bijimi mai mura. Alister ya bar hannunsa a kai don fushi, kuma a cikin wannan ruri sai ya ji ɗumi yana tasowa a tafinsa. Ya saki, ɗumin ya tafi. Ya danna, ya dawo. Wayar hon ya kama, ya mai da maɓallin hon ƙofar da wutar za ta bi. Muddin ba a danna ba, ba ɗumi.

Tipene ya ɗaga murya daga bayan shinge: "Kai, Injiniya! Na rantse na ɗauka tsohuwar motar Fergus ce ta taso daga kabari. Muryarsu ɗaya sak!"

Fergus Inkster shi ne mai kiwon shanu a gangaren Tudun Kerrow, kuma tsohuwar motarsa ta ɗaukar ciyawa ta mutu tun watan Afrilu. Alister bai kula da zancen ba, yana can yana lissafi. Glenys ta ce babur ba shi da wutar ɓarnatarwa. To ga shi ya ƙirƙiro tsarin da wuta ba ta tafiya sai an bukata. Jagora kuwa da ma shi ke da hon. Abin da ya rage kawai kada babban yatsa ya gaji. Ya yanko zoben roba daga tsohon tub, ya saƙala shi kusa da maɓallin, yadda zai iya turo shi ya danne masa in tafiya ta yi nisa. Bai gaya wa kowa ba.

Noeline ta rubuta: "Juma'a. Hon sau talatin da ɗaya. Ya ce an gama."

Ranar Asabar gari ya waye tas, raɓa ta daskare fari fat a kan ciyawa, ma'auni ya nuna shida ƙasa da sifili. Babura goma sha huɗu suka yi layi a ƙofar zaure. Ni ina motar Noeline a can baya, da tukunyar miya a cinyata, wato a kujerar da Alister zai gada in abin ya ƙi. Aka ɗaura wa Gimbiya tutar jagora a baya, ja mai ratsin fari. Alister ya zo da siririyar safar hannu irin ta zuwa coci.

Tipene ya ce, "Da wannan za ka hau Kerrow?"

"Wannan ma don kada in ƙone ne."

Ƙarfe goma daidai aka tashi. A nan ya kamata in kawo doka ta bakwai ta ƙungiya, wadda Alister da kansa ya goyi bayanta shekara goma sha biyu da suka wuce: in jagora ya yi gajeren hon, a tafi, in ya yi dogo, kowa ya tsaya, akwai ƙanƙara a kan titi.

Ƙarfe goma da minti tara sanyi ya fara cizon Alister, ya danna hon ya riƙe. Babura goma sha uku suka taka birki, motarmu ma, miya ta taɓa murfi. Kowa ya sauke ƙafa yana leƙen titi. Titi a bushe. Jagora kuwa ya yi gaba abinsa. Aka bi shi. Goma da minti goma sha shida, haka. Goma da ashirin da biyu, haka. A karo na huɗu Tipene ya ƙi tsayawa, ya ja totur ya jera da shi yana ihu:

"Ina ƙanƙarar take?"

Alister ya amsa cikin iska, "Na ga alamarta!"

"A ina?"

"Idon jagora daban ne!"

Tipene ya dawo ya ba da rahoto a gefen titi. Glenys ta ɗaga gilashin hularta, ta saurari rurin da ke nisa, sannan ta ce, "Ina jin na san abin da ya yi. Ku ƙyale shi ya yi nisa, ko kunnuwanmu sa huta." Aka tsaya minti goma sha biyar ana buga ƙafa a ƙasa.

Alister ya waiwaya bai ga kowa ba, ya tabbata gudunsa ne ya fi ƙarfinsu. A kilomita na talatin da bakwai ya haye gadar ƙarafan nan da ke hana shanu tsallakewa. Daga nan zuwa ƙololuwa ba shinge, titi ya ratsa tsakiyar makiyayar Fergus ne. Yatsansa ya gaji, sai ya turo zoben roba ya hau kan maɓalli. Hon ya kama ruri ba tsayawa, hannuwa suka yi ɗumi, Alister ya fara waƙa.

Shekara ashirin da biyu Fergus yana ciyar da shanunsa a hunturu ta hanya ɗaya: ya loda busasshiyar ciyawa a tsohuwar motarsa, ya hau gangare yana danna hon, su kuwa su sheƙo daga duk inda suke. Uwa ta koya wa 'ya, 'ya ta koya wa jika. Da motar ta mutu ya sayi sabuwa mai siririyar murya, shanun suka ce ba su san wannan ba, suka bazu cikin kwazazzabai da ƙoramu.

Alister ya fara ganin baƙar saniya guda tana gudu a gefensa, ya ɗaga mata hannu. Sai ga biyar. Sai ga gangaren duka yana motsi. Suka fito ta hagu, suka fito ta dama, suna kuka, numfashinsu na tashi kamar hayaƙi, suka cika titi gaba da baya. Ya taka birki, inji ya mutu. Ya murɗe makulli, hon bai tsaya ba, domin a irin wannan babur layin hon ba ya bin makulli. Ya kai hannu zai janye zoben, zobe ya faɗa cikin tsagi ya maƙale. Ya cire safar hagu don ya sa farce, wata saniya ta karɓe ta. Wata ta kama tutar jagora ta fara taunawa. Wata ta sa kai ƙarƙashin tanki tana neman inda aka ɓoye ciyawar.

"Ku tafi! Ba ni da komai! Ku matsa, na ce!"

Su kuwa hon suke ji, kuma hon yana cewa abinci ya iso.

Ƙarfe sha ɗaya da minti huɗu muka iso gadar ƙarafan. Abin da muka hanga shi ne bayan shanu baƙi ƙirin daga wannan gefe zuwa wancan, da farar hular kwano guda a tsakiya tana juyawa. Hon ya fara shaƙewa saboda batir ya kusa ƙarewa, yana yi yana numfashi, har ya yi wani siririn kuka ya mutu.

Tipene ya hau kan dutse ya ce, "Injiniya! Ashe taro ka kira ba ka gayyace mu ba? Me suka ce game da ɗumin?"

Glenys ta kutsa cikin shanun tana dafa su, mu muna biye. Ta ciro sukundireba daga aljihu, ta buɗe ƙoƙon fitila, ta zaro ƙullin salatef ta ɗaga shi sama yadda kowa zai gani.

"Jama'a, ku zo ku ga abin da ban taɓa gani ba. Ya haɗa ɗumin hannu da hon. Duk tsayawar da muka yi a hanya, hannun jagora ne ya ji sanyi."

Alister ya ce, "Sabon tsari ne. Tattalin wuta."

"Shekara talatin da ɗaya kana ɗaga mini sandar ƙofa da safe, ina mamakin me ya sa ba su taɓa barin ka ka wuce ta ba. Yau na gane."

Aka yi dariya har shanu suka ja da baya. Sai Noeline ta matso. Ta cire safarta, ta kama hannun mijinta na hagu. Yawun saniya ya jiƙe shi, ya yi sanyi kamar kifi. Ta dubi sama wajen ƙololuwa.

Ta ce, "Saura kilomita shida."

Dariyar ta tsaya. Alister ya buga kik sau uku, ba ko alama, domin saniyar da ta leƙa ƙarƙashin tanki ta tafi da wayar filogi. Ya sauke ƙafarsa. Ya ɗora hannu a kan tankin Gimbiya yana share yawun da gefen hannun rigarsa.

A wannan hali Fergus Inkster ya gangaro da sabuwar motarsa, karnuka biyar a baya. Ya fito, ya tsaya, ya hau kan murfin mota yana nuna shanun da yatsa yana motsa baki. Ya gama ya sake farawa.

"Ɗari da arba'in da uku! Ba wadda ta ɓata! Kwana tara ina bin su da karnuka, gobe an ce dusar ƙanƙara za ta rufe tudun nan. Wa ya tara mini su?"

Hannaye goma sha huɗu suka nuna Alister.

"Da me?"

Tipene ya ce, "Da ilimi."

Da aka yi masa bayani, Fergus ya kama kafaɗar Glenys ya ce, "Ki taimaka ki tayar mini da hon ɗin nan. Shingen da nake kulle su yana ƙololuwa, dab da inda kuke shan miya. In suka sake watsewa, rabinsu ba za su ga bazara ba."

Glenys ta ciro batirin da take ajiyewa don ko-ta-kwana, ta ɗaure shi a bayan kujerar Gimbiya, ta mai da ƙullin salatef yadda ta same shi, tana kau da kai kamar mai taɓa mushe. Fergus ya ɗauro igiya daga motarsa zuwa babur ɗin. Hon ya farfaɗo.

Ga yadda jerin ya kasance. Motar Fergus a gaba, tana tafiya a hankali kamar mai tafiyar ƙafa. Alister a bayanta a kan igiya, yana ruri, da sandar tuta ba tuta. Shanu ɗari da arba'in da uku a bayansa. Babura goma sha uku a bayan shanu, suna bi ta cikin abin da shanu ke bari a titi. Mu a ƙarshe, da gilashi a rufe. Tun kafin a yi kilomita guda Alister ya miƙe zaune, ya fara gyaɗa wa shanun kai kamar shi ya haife su.

Ƙarfe sha biyu da minti hamsin da biyu aka kai ƙololuwa. Shanu suka shige shingen, Fergus ya rufe ƙofa. Alister ya ɗaga hannu biyu sama don murna. Kilomita shida na wuta ba tsayawa sun narkar da gam ɗin, sai mariƙin hagu ya zare ya biyo hannunsa, waya na reto, hon ya yi shiru.

Noeline ta zo ta karɓi mariƙin ta miƙa wa Glenys, ta kama hannayensa biyu. Sun yi ja, suna tiriri kamar dankalin da aka ciro daga toka.

Ta ce, "Ɗumi kam akwai. Amma igiya ce ta kawo ka, kowa ya gani."

"Noeline..."

"Ban gama ba. Mako guda ina kallo ta taga, ban ga laifin da Gimbiya ta yi ba. Ta zauna. Akwatin kayan aikinka ne zai bar gidan, yau ɗin nan, zuwa wajen Glenys."

Alister ya dubi babur ɗin. Can ya ce a hankali, "Ko sukundireba ɗaya?"

"Ko wuƙar burodi, sai ina wurin. Zo ka sha miya."

Ranar Litinin Glenys ta ɗaura mariƙan yadda ya kamata, cikin minti ashirin da biyar bisa ga kalanda. Alister ya gaya wa Tipene ta kan shinge cewa wannan bai saɓa wa lissafinsa ba: shi arba'in ya ce har da shan shayi, ita kuwa ba ta sha ba. Fergus ya nemi a riƙa ba shi aron jagoran da hon ɗinsa farkon kowane hunturu, Noeline ta yarda, da sharaɗin ita za ta riƙe makulli. Ƙungiya kuma ta ƙara wa doka ta bakwai jimla guda, cewa dogon hon daga Gimbiya ba ya wajabta wa kowa tsayawa, sai dai a duba gefen titi.

Waɗanda suka halarci ƙololuwar Tudun Kerrow a ranar, kuma za su iya shaidar abin da na rubuta, su ne: Alister Tulloch, jagora, Noeline Tulloch, mai miya, Glenys Munro, Tipene Kereama, Fergus Inkster, mai shanu, Rhona da Lachlan Baird, Moana Tamihana, Errol Sinclair, Bevan Dalgety, Ngaire Pollock, Selwyn Orr, 'yan'uwan nan biyu, Keith da Ivan Marwick, Huia Rātana, Desmond Quill, da ni, Cedric Pringle, magatakarda, mai riƙon tukunya.